Michael Rutter: likitan yaran da ya wanke uwaye mata daga zargi

Duk wanda ya yi sammako ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maradi, ko Katako a Yamai, ya san wannan hoto: mace da kaya a ka, goyo a baya, tana sauri ta kama wurin zamanta kafin rana ta ɗaga. Abin da ido ba ya gani shi ne sauran yaran da ta baro gida, wani wurin kaka, wani wurin abokiyar zama, wani a hannun yayarsa. Kuma ba a rasa mai jefa mata magana, wai neman kuɗi ya ɗauke mata hankali, gobe in yaro ya lalace ita ta ja. To, ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan zargi ba. A Ingila har manyan likitoci sun taɓa ɗaure masa gindi da littattafai da rahotanni, sai da wani mutum ya zauna ya auna zancen da ƙidaya, gida gida, yaro yaro, kafin a gane inda gaskiya ta tsaya.

Sunan mutumin Michael Rutter. Ya rasu ranar 23 ga Oktoba 2021 yana da shekara 88, bayan ya shafe wajen shekara 60 yana bincike kan hankalin yara da halayensu. A ƙasarsu ana kiran shi uban wannan fanni, domin shi ne na farko da aka naɗa farfesan likitancin hankalin yara a Birtaniya, a 1973. Kada mai karatu ya ji an ce likitan hankali ya ɗauka zancen mahaukatan bakin hanya ake yi. Aikin irin wannan likita shi ne yaron da ba ya iya zama wuri guda, da wanda ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, da mai yawan firgita, da mai sata da faɗa, da yarinyar da ta daina wasa ta daina cin abinci alhali babu zazzaɓi a jikinta. Babu unguwar da ba ta da irinsu.

Shi ma riƙo aka kai shi

An haife shi ranar 15 ga Agusta 1933 a ƙasar Labanan, inda mahaifinsa, likita ɗan Ingila, yake aiki. Yana ƙarami suka koma gida. A 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ana tsoron Jamus ta mamaye Ingila, uwayensa suka tura shi Amurka tare da ƙanwarsa. Shekarunsa kamar 7. Da suka isa aka raba su, kowa da gidan da ya karɓe shi, kuma sai a 1944 suka komo wurin uwayensu. A Hausance dai riƙo aka kai su, har na shekara 4. Shi ya yi dace da gida, ya ji daɗin zaman. Ƙanwar ba ta ji daɗi kamar shi ba. Ciki ɗaya, tafiya ɗaya, rabuwa da uwa iri ɗaya, amma kowa da abin da ya komo da shi. Wanda ya ga abin da ya rubuta bayan shekara 30 ba zai rasa tunawa da wannan tafiya ba.

Ya yi karatun likita a jami'ar Birmingham, ya ƙare a 1955, daga nan ya shiga gidan likita na Maudsley a Landan, wanda ya shahara wajen kula da masu ciwon hankali. Shugaban wurin, Aubrey Lewis, shi ya karkata shi wajen yara, amma da wani sharaɗi mai ban mamaki: ya je ya koyi yadda yaro ke girma, kada kuma ya shiga horon likitancin hankalin yara irin wanda ake bayarwa a lokacin. Lewis bai yarda da horon ba, domin galibinsa ra'ayi ne. Babban likita ya ga yara biyar ko goma a ɗakin aikinsa, ya ƙulla zance a kansu, na ƙasa da shi su haddace. Rutter ya yi shekara guda a Niyok wurin masu nazarin girman yara, ya komo da ɗabi'ar da ya mutu da ita: kowace magana aka kawo masa sai ya tambayi yara nawa aka gani, da wa aka kwatanta su, shekara nawa aka bi su.

Ƙidayar tsibiri

Aikinsa na farko da ya yi suna ya faro a 1964, a wani tsibiri da ke kudancin Ingila mai suna Wight. Shi da abokan aikinsa ba su zauna jiran wanda za a kawo musu gidan likita ba. Sun bi dukan yaran tsibirin masu shekara 9 zuwa 11, dubbai, suka rarraba takardun tambayoyi ga uwaye da malaman lakwal, sannan suka zauna ido da ido da yaran da takardun suka nuna akwai abin dubawa.

Sun tarar wajen yaro 7 cikin 100 na fama da wata matsalar hankali ko ta hali wadda ta kai ta hana shi ko gidansu sakat, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin likitan wannan fanni ba. Sun tarar kuma yaron da uwa ta ce yana da matsala, sau da yawa ba shi ne wanda mushe ya nuna ba. Wani a gida salihi ne, a lakwal ya gagari kowa, wani kuma akasin haka. Tun daga nan aka koyi cewa bakin mutum ɗaya ba ya isa a yanke wa yaro hukunci. Cikin yaran da karatu ya gagara, wajen kashi ɗaya cikin uku suna da rashin ji da tsokana, abin da ya sa aka fara tambaya ko wanda ake duka don taurin kai, ashe baƙi ne ba ya ganewa.

Akwai kuma zancen farfaɗiya, wadda mu a nan muka san irin gudun da ake yi wa mai ita. Cikin yara masu farfaɗiya a tsibirin, wajen 29 cikin 100 suna da matsalar hankali ko ta hali. Cikin masu wasu cututtukan jiki na dindindin da ba su taɓa ƙwaƙwalwa ba, wajen 12 ne. Ke nan ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa yana da nasa hannu a halin yaro, ba kullum ne tarbiyya ta kasa ba. Takardun tambayoyin da aka yi aiki da su a tsibirin sun zaga duniya da sunan Rutter, kuma daga gare su aka samo wata gajeriyar takarda a 1997 wadda aka fassara cikin gomman harsuna.

Uwa ce, ko fitinar gida?

A nan ne ya taɓo babban bango. A 1951 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta wallafa rahoton wani mashahurin likita ɗan Ingila, John Bowlby, a lokacin da yaƙi ya bar marayu da yara marasa matsuguni ko'ina a Turai. Bowlby ya ce ƙaramin yaro yana buƙatar kulawa mai ɗumi wadda ba ta yankewa daga uwarsa, ko daga wadda ta tsaya matsayinta dindindin, in ya rasa kuwa illar na iya bin shi har tsufa. Tun a 1944 ya yi nazarin wasu yara ɓarayi 44, ya ga da yawa cikin waɗanda zuciyarsu ta bushe an raba su da uwayensu mata suna ƙanana.

Gaskiya rahoton ya yi amfani. Kafin shi, a Ingila, in aka kwantar da yaro gidan likita da wuya a bar uwa ta zauna da shi, wani wurin sai sau ɗaya a sati take leƙa shi. Maganar Bowlby na cikin abin da ya canza wannan. Amma magana in ta bar bakin mai ita, kowa da inda zai kai ta. Jama'a suka ɗauka cewa duk macen da ta fita aiki ta bar ƙaramin yaro hannun wani, ta cuce shi. Mata da yawa suka riƙa fita neman abin kai wa baki da nauyin laifi a zuciya.

Rutter bai ce Bowlby ƙarya yake ba. Ya ce an zuba gero da dawa da masara cikin tiya ɗaya an ce duka gero ne. Kalmar rabuwa da uwa ta ƙunshi abubuwa da yawa da ba su yi kama da juna ba. Akwai yaron da uwarsa ta kwanta ciwo wata biyu. Akwai wanda uwarsa ta rasu. Akwai wanda aka fitar daga gida bayan shekara da shekaru na zagi da duka tsakanin miji da mata. Akwai kuma wanda tun haihuwa bai taɓa samun wani mutum nasa na kansa ba. Sai ya ware su, ya auna kowanne daban.

Abin da ya fito shi ne, yara maza da aka raba da uwayensu saboda rikicin gida, su ne suka fi faɗawa sata da faɗa da rashin ji. Waɗanda ciwo ko tafiya ta raba su da uwaye, a gidan da ake zaman lafiya, ba su bambanta sosai da sauran yara ba. Mutuwar uwa ko uba ma, duk da ɗacinta, ba ta kai zaman fitina ɓata halin yaro ba. Har ila yau akwai yaran da ba a taɓa raba su da kowa ba, uwa na nan, uba na nan, amma gidan kullum kamar filin dambe, su ma suka nuna irin wannan lalacewa. Ashe a wurin waɗancan yara ɓarayi, rabuwar alama ce kawai, ainihin ciwon shi ne abin da ya kawo rabuwar. Ya ga kuma cewa ko a gidan da ake rikici, yaron da yake da kyakkyawar shaƙuwa da ɗaya cikin uwayen biyu ya fi tsira.

Ya tattara wannan cikin littafin da ya fitar a 1972, wanda ma'anar sunansa ita ce sake auna zancen rashin uwa. A ciki ya nuna yaro yana iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, uba, kaka, yaya, mai reno, kuma wannan ƙarfi ne gare shi. Ba dole sai wadda ta haife shi ba, ba dole sai mutum ɗaya tilo ba. Abin da yaro ba ya jurewa shi ne ya rasa kowa, ko a yi ta sauya masa hannu yau nan gobe can, kafin ya saba da fuska an kawo wata.

Tsofaffinmu za su ce ai wannan ba labari ba ne, tun kaka da kakanni ake kai yaro yaye wurin kakarsa, ake bai wa goggo ko inna riƙo. Haka ne. Sai dai binciken bai ba kowane riƙo takardar shaida ba. Ma'aunin da ya bari yana da kaifi biyu: ya wanke ƴar kasuwar da ta bar ɗanta hannun mai ƙaunarsa ta komo da yamma ta ɗauke shi, ya kuma tuhumi gidan da aka kai yarinya da sunan riƙo aka mayar da ita baiwa, babu mai tambayar ta ko ta ci. Ni a ganina nan ne maganar ta fi shafar mu, domin tambayar da muka saba yi ita ce ina uwar yaron nan, alhali wadda ta fi ta nauyi ita ce wa ke gare shi.

Kaya in ya taru

Daga baya suka kwatanta yaran tsibirin da na wata unguwar talakawa a tsakiyar Landan, suka ga matsalolin sun ninka biyu a birni. Da suka bi diddigi sai suka ga ba iskar birni ba ce, nauyin da ke kan gidaje ne. Rutter ya ware abubuwa shida: mummunan rikici tsakanin miji da mata, talauci, cunkoso a ɗaki, uban da ke shiga hannun hukuma, uwar da ke fama da ciwon hankali ko baƙin ciki mai tsanani, da kwashe yaro a kai shi gidan renon gwamnati. Yaron da ke ɗauke da ɗaya kawai cikin shidan nan, kusan daidai yake da wanda ba shi da ko ɗaya. In suka zama biyu, haɗarin ya ninka wajen huɗu. In suka kai huɗu, ya ninka wajen goma. Mai jaki ya san wannan lissafi: buhu ɗaya jaki na tafiya har da gudu, na uku ne ke durƙusar da shi. Alƙaluman na Ingila ne, ba za a ɗauko su a ɗora kan Tawa ko Tasawa kai tsaye ba, domin gida mai mutum goma a can da a nan ba abu ɗaya ba ne. Amma dabarar tana tafiya ko'ina: ba sai an kawar da dukan wahala ba kafin yaro ya samu sauƙi, sauke buhu ɗaya ma aiki ne.

Wani binciken da ya yi da abokin aikinsa David Quinton ya bi ƴan matan da suka tashi a gidajen renon yara har suka zama uwaye. Da yawansu reno ya ba su wuya, tun da su ma ba a rene su ba. Amma waɗanda suka yi dace da miji mai hankali, mai tallafa musu, sun riƙe ƴaƴansu kamar kowace mace. Kuma dacen ba sa'a ce zalla ba. Yarinyar da ta taɓa samun wani abu da ta yi fice a kai a lakwal, ko wasa ne, ko wani ɗan muƙami a aji, ita ta fi tsayawa ta zaɓi miji da sana'a, maimakon ta faɗa auren gudun gida.

Zancen lakwal ɗin ma ya yi masa littafi guda a 1979, mai suna Awa Dubu Goma Sha Biyar, wato yawan awowin da ɗan Ingila ke yi a aji tun shigarsa har fitarsa. Sun bi makarantun sakandare 12 a Landan, suka ga yara masu kama da juna suna fita da sakamako daban gwargwadon lakwal ɗin da suka shiga. Tsufan gini ko girmansa bai yi wani tasiri ba. Abin da ya yi tasiri shi ne malami ya shiga aji kan lokaci da darasinsa a shirye, a yaba wa yaro in ya yi daidai, a ba shi wani nauyi ya riƙe. Inda duka ya yi yawa kuwa, halin yara bai fi kyau ba.

Shaidar tagwaye

Zargi mafi muni da aka taɓa ɗora wa uwaye mata shi ne na larurar da ake kira otizim. Yaro ne lafiyayye a ido, amma ba ya haɗa ido da mutane, a kira sunansa kamar bai ji ba alhali kunnensa ƙalau, magana ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa, ya kama abu ɗaya ya yi ta maimaitawa, in aka sauya masa tsari ya tada hankali. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya fara bayyana ta a 1943. Cikin shekarun da suka biyo baya ra'ayi ya yi ƙarfi cewa uwa ce ke jawo ta da sanyin zuciya, har aka laƙaba wa irin waɗannan mata sunan uwa firiji. Ka duba mace tana fama dare da rana da yaron da ko kallon ta ba ya yi, ta kai shi wurin likita, a ce mata ita ce ciwon.

A 1977 Rutter da wata likita ƴar Amurka, Susan Folstein, suka nemo tagwaye kashi 21 a Birtaniya, waɗanda aƙalla ɗaya cikin kowane biyu yana da larurar. Kashi 11 tagwayen ƙwai ɗaya ne, masu kama kamar an tsaga kara, waɗanda gadon jininsu iri ɗaya ne. Kashi 10 kuma na ƙwai biyu ne, waɗanda kusancinsu bai wuce na wa da ƙane ba. Dukansu uwa ɗaya, nono ɗaya, ɗaki ɗaya. In da halin uwa ne sanadi, da an ga abu ɗaya a ɓangarorin biyu. Amma cikin 11 na ƙwai ɗaya, a kashi 4 duka biyun suna da larurar. Cikin 10 na ƙwai biyu, babu ko ɗaya. Adadin kaɗan ne, sai dai manyan binciken da suka biyo baya sun tabbatar da shi: gado na da babban hannu, kuma abin a ginin ƙwaƙwalwa yake tun farko. Kada kuma a ji an ce gado a kwashe zargin daga kan uwa a kai kan danginta, domin gadon daga ɓangarorin biyu yake zuwa, kuma babu wanda ya zaɓi abin da ya gada. Hanyoyin gwajin da likitoci ke gane larurar da su a ƙasashe da yawa, Rutter na cikin waɗanda suka tsara su.

Da wani likita a Ingila ya tada ƙura a 1998 cewa allurar rigakafin da ta haɗa ƙyanda da hangum da wata cuta ta uku ita ke kawo otizim, uwaye da yawa suka guje ta, ƙyanda ta komo. Rutter ya haɗa kai da wasu likitoci biyu na Japan, ƙasar da ta daina yin wannan allura tun 1993. Sun duba yara sama da 30,000 a birnin Yokohama, suka wallafa a 2005 cewa bayan an daina allurar, yawan yaran da ake ganowa da larurar bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A 2010 aka janye rubutun wancan likita, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci.

Yaran Romaniya

Yana dab da shekara 60 aiki mafi nauyi ya same shi. A Romaniya shugaba Ceausescu ya hana zubar da ciki a 1966, ya kuma toshe hanyoyin tsarin iyali, don yana son jama'ar ƙasar ta yawaita. Talauci ya sa dubban uwaye suka miƙa jariransu ga gidajen renon gwamnati. Da aka kifar da shi a Disamba 1989 aka buɗe ƙofofin, duniya ta ga abin da ba ta zata ba. Yara sama da 100,000 ne aka ƙiyasta suna cikin irin waɗannan gidaje. Jarirai kwance cikin gadajen ƙarfe wuni da kwana, a jingina musu kwalbar kunu a wuce, wani wurin ma'aikaciya ɗaya ga yara wajen 30, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana, babu abin wasa.

Iyalai da dama daga Birtaniya suka je suka ɗauko wasu suka mayar da su ƴaƴansu. Rutter ya jagoranci bin 165 daga cikinsu, waɗanda suka iso tsakanin 1990 da 1992, dukansu ba su wuce shekara uku da rabi ba. Aka kwatanta su da yara 52 ƴan Ingila da su ma aka karɓa reno tun suna jarirai. An duba su suna shekara 4, da 6, da 11, da 15, sannan bayan sun haura 20.

Sun iso a rame, kai ƙarami, da yawa hankalinsu na baya nesa da shekarunsu. Rahoton farko ya zo da albishir: cikin ƴan shekaru a gida mai ƙauna da abinci, sun yi wani irin tsalle da ya ba likitoci mamaki. Waɗanda aka ciro kafin su cika wata 6 a gidan renon sun kamo sauran yara, kusan ba a bambanta su. Wannan ya yi daidai da abin da Rutter ya daɗe yana faɗi, cewa farkon rayuwa ba ya rufe ƙofa.

Amma shekaru na tafiya, wani abu ya ƙi gogewa ga da yawa cikin waɗanda suka wuce wata 6 a can. Wasu ba sa iya tattara hankali wuri guda. Wasu suna bin kowane baƙo kamar sun san shi, su hau cinyar wanda ba su taɓa gani ba, babu tsoro babu jin kunya. Wasu kuma suna da alamu masu kama da otizim, larurar da shi da kansa ya nuna ta fi jingina da gado. Rutter bai ɓoye wannan ba, bai kuma murɗe shi ya dace da tsohuwar maganarsa ba. Ya rubuta shi yadda ya fito: rashin kowa kwata-kwata a watannin farko yana iya barin tabo mai daɗewa, ko da gidan da ya biyo baya na kirki ne. Wani yanki na gaskiyar Bowlby ke nan ya komo ta hannun wanda ya fi kowa sukar rahotonsa. An kuma duba ko yunwa ce kawai ta yi ɓarnar, sai aka ga har yaran da ba su iso a rame ba sun nuna illar. Ciyarwa daban, reno daban.

Irin wannan shaida na cikin abin da ya sa duniya ta juya baya ga tara jarirai a manyan gidajen marayu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun ce yaron da bai kai shekara 3 ba, in ya rasa uwayensa, cikin iyali ya kamata a sa shi.

Girmamawa kam ya same ta. An shigar da shi babbar majalisar masanan kimiyya ta Birtaniya a 1987, Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1992, ya kafa cibiyoyin bincike biyu a Landan, a 1984 da 1994, ya bar littattafai wajen 40 da rubuce-rubucen bincike ɗaruruwa. Bai daina duba yara ba don ya zama farfesa, kuma ya ci gaba da aiki har kusan ƙarshen ransa.

Ya ga rahoton yaran Romaniya na 2017, lokacin suna tsakanin shekara 22 da 25. Jinkirin fahimtar da suka iso da shi ya warware ga mafi yawansu. Rashin tattara hankali da saurin sakin jiki da baƙo sun bi da yawa har girma, kuma baƙin ciki da rashin aikin yi sun fi yawa cikin waɗanda suka daɗe a gidajen renon. A 2020 hoton ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu ya nuna ta fi ta takwarorinsu ƙanƙanta da kashi 8.6 cikin 100, kuma kowane wata da yaro ya ƙara a can, ƙanƙantar ta ƙaru. Duk da haka, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka wuce wata 6 cikin waɗancan gadajen ƙarfe bai nuna wata matsala ba tun daga gwajin farko har na ƙarshe. Yau dukansu sun haura shekara 30.